Yadda ake mayar da lamba mai doguwar jela bayan ɗigo zuwa kalmomin Turanci a manhaja

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar fitar da rasit ya san layin nan na ƙasa inda ake rubuta adadin kuɗi da kalmomin Turanci. Abin kamar wasa ne, sai ranar da aka miƙo maka lamba irin 1234567.123456789012345678. Ranar za ka gane cewa juya lamba zuwa kalmomi ba wani aiki ba ne. Aikin shi ne lambar ta iso hannunka ba tare da an gutsure ta a hanya ba.

Mataki na farko: kada lambar ta bi ta float

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Nau'in float na Python ko double, wato nau'in da kwamfuta ta saba ajiye lamba mai ɗigo a cikinsa, bisa ƙa'idar IEEE 754, yana ajiye lamba ne cikin bit 64 da lissafin sifili da ɗaya, kuma abin da yake iya riƙewa da aminci bai wuce alƙaluma 15 zuwa 17 ba. Ko 0.1 ma ba ya iya ajiye ta daidai. Shi ya sa idan ka haɗa 0.1 da 0.2 a harshen rubuta manhaja na Python ko JavaScript sai ka ga 0.30000000000000004.

Maganin shi ne ka karɓi lambar a matsayin rubutu, ka miƙa ta ga nau'in da aka yi don wannan aiki: Decimal a Python, BigDecimal a Java, decimal a C#, wanda shi kuma iyakarsa alƙaluma 28 ko 29. Amma lura, Decimal("0.1") da Decimal(0.1) ba ɗaya ba ne. Na biyun ya riga ya bi ta float, sai ya ba ka 0.1000000000000000055 da wata jela a bayansa. Na taɓa ɓata yini guda ina zargin abin da na rubuta, ashe mai aiko min da bayanan ne ya sa kuɗin a JSON, wato tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi, a matsayin lamba tsirara, ba cikin alamar zance ba. Kafin ta iso gare ni, ƙarshenta ya riga ya lalace.

Mataki na biyu: tsaftace rubutun

Cire waƙafi da sarari. Idan akwai alamar ragi a gaba, ajiye ta gefe don ka fara da "minus" ko "negative". Da hannu za ka cire ta daga rubutun, domin abs() a Python yana datse Decimal zuwa alƙaluma 28 da aka saita masa tun asali. Ƙananan lambobi kuma sukan fito kamar 1E-7. A Python, format(d, "f"), inda d ita ce lambar Decimal ɗin, zai warware maka su zuwa 0.0000001. Idan bayanan daga Nijar ko Faransa suke zuwa, ka tuna waƙafi shi ne ɗigonsu, kada ka share shi ido rufe.

Mataki na uku: in za ka taƙaita, yi kafin ka raba

Idan naira da kwabo kake so, gurbi biyu kawai kake buƙata. Taƙaita lambar gaba ɗayanta da quantize, umarnin taƙaitawa na Decimal, tukuna. Ɗauki 999.995: in ka raba ta sannan ka taƙaita jelar, sai ka wayi gari da naira 999 da kwabo 100, alhali amsar ita ce 1000.00. Kuma ka tambayi akanta wace ƙa'ida suke bi. Decimal na Python, in ba ka ce komai ba, yana karkata rabi zuwa lamba mai rabuwa biyu, wato 2.665 ta zama 2.66. Da ROUND_HALF_UP ne za ta zama 2.67, yadda aka koya mana a firamare.

Mataki na huɗu: ɓangaren da ke kafin ɗigo

Yanka shi uku-uku daga dama: 1 | 234 | 567. Rubuta ɗan aiki guda da zai karanta 0 zuwa 999, sannan ka liƙa wa kowane rukuni sunansa: thousand, million, billion, trillion, quadrillion. Rukunin da ya zama 000 a tsallake shi. Daga 1 zuwa 19 jerin kalmomi ne da za ka rubuta da hannu, kuma "forty" ake rubutawa, babu u a ciki, da karan ɗori a irin "thirty-four".

Sai ka yanke shawara kan "and". Turancin Ingila, wanda muka gada, yana cewa "one hundred and five"; a Amurka galibi "one hundred five" ne, su bar "and" ta tsaya a wurin ɗigo. Billion kuwa miliyan dubu ne, ma'anar da gwamnatin Birtaniya ta koma kanta a 1974. A Faransanci wannan adadi milliard ne.

Mataki na biyar: jelar bayan ɗigo

Ga doguwar jela, hanyar da ba ta da rigima ita ce karanta alƙaluma ɗaya-ɗaya: 3.005 ta zama "three point zero zero five". Kada ka kuskura ka mayar da "005" cikakkiyar lamba, sifilan gaba za su ɓace ka fito da "three point five". Akwai salon "five thousandths", amma wa zai iya bin sa a gurbi 18 irin na kuɗin intanet na Ethereum? Ga kuɗin hannu kuma, "one thousand naira, fifty kobo only" ya wadatar.

Sifilin ƙarshe fa? A awon kimiyya 2.50 da 2.5 ba magana ɗaya suke yi ba, don haka bar shi yadda ya zo sai in mai aikin ya ce a cire.

Kafin ka miƙa aikin, gwada shi da 0, da 0.005, da -0.50, da 1000000, da 999.995, sai waccan doguwar lamba ta farko. Ƙirga kalmomin da suka biyo bayan "point" da yatsa. Dole su cika 18, na ƙarshe ya zama "eight".