Yadda Ake Biyan Kuɗin Gwanjo a eBay da Kati Ba Tare da PayPal Ba

Wanda ya ci gwanjo a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ba ya buƙatar asusun PayPal, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, domin shafin yana karɓar katin Visa ko Mastercard kai tsaye. Idan ka isa wurin biya, ka zaɓi ƙara sabon kati, ka shigar da lambobi 16 da ke jikinsa, da watan ƙarewarsa, da lambobi 3 na bayansa.

A wajen rubuta adireshi mutane kan yi tuntuɓe, saboda idan wanda ka rubuta ya saɓa da wanda bankinka ya sani, ana iya ƙin karɓar kuɗin ko da asusunka na banki cike yake. Tun kafin ka yi tayi, ka tambayi bankinka ko katin yana biya da dala.