Babi na Shida: Zaɓen Nau'in Linux da Neman Manhajojinsa

Wannan babi na waɗanda suka riga suka iya kunna kwamfuta da kashe ta ne, suka kuma iya rubutu da madannai ko da a hankali, kuma suna son su ɗora wa kwamfutarsu Linux, ko kuwa an ba su wadda Linux ɗin yake kanta. Ku zauna a gaban kwamfutar da littafin rubutu da biro, ku karanta mataki ɗaya, ku aikata shi, sannan ku wuce zuwa na gaba. Wanda ya yi jinkiri bai yi laifi ba.

Darasi na Ɗaya: Linux ba guda ɗaya ba ne

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tashi da zarar an kunna ta, ita ce kuma take riƙe da sauran manhajoji. A yawancin kwamfutocin da kuka saba gani Windows ce wannan babbar manhaja. Linux ma irinta ce, sai dai kyauta ake samun ta, kuma masu amfani da ita a kwamfutar gida ba su kai masu Windows yawa ba ko kusa, shi ya sa mai ita yake buƙatar ya san wasu abubuwa da kansa.

Wani ɗalibi a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta Linux a shekarar 1991. Abin da ya rubuta kamar injin mota ne, ba motar gaba ɗaya ba. Ƙungiyoyi da kamfanoni dabam dabam suna ɗaukar wannan inji, kowa ya ƙera masa gangar jiki da kujeru irin nasa, ya ba motar suna, kuma kayan gyaran wannan mota ba lallai ne su shiga waccan ba duk da injinsu ɗaya ne. Waɗannan su ne nau'o'in Linux, kuma sun kai ɗaruruwa, amma kada yawansu ya firgita ku, domin mafi yawansu 'yan dangi kaɗan ne.

Dangi na farko shi ne na Debian, wanda aka kafa a 1993. Daga Debian kamfanin Canonical ya fitar da Ubuntu a 2004, daga Ubuntu kuma aka fitar da Linux Mint a 2006. Duk 'yan wannan dangi suna karɓar fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .deb, kuma umarnin da suke ɗora manhaja da shi, wato kalmar da ake rubuta wa kwamfuta don ta yi aikin, shi ne apt. Dangi na biyu shi ne na Fedora, wanda kamfanin Red Hat yake tallafa wa tun 2003, fayilolinsa suna ƙarewa da .rpm, umarninsa kuma dnf. Na uku shi ne Arch, mai amfani da umarnin pacman. Ku kwafe waɗannan dangogi uku a littafinku, kowanne da umarninsa a gefensa, domin za mu koma kansu sau da yawa.

Darasi na Biyu: Wanne za ku zaɓa?

Abu na farko da za ku duba shi ne ƙarfin kwamfutarku, musamman girman ma'ajiyar aiki da ake kira RAM. Idan Windows ce a kanta yanzu, ku shiga Settings, ku danna System, sannan About, za ku ga lamba da haruffan GB a gefenta, wato gigabait. Linux Mint yana iya tashi da gigabait 2, amma sai da 4 yake aiki cikin walwala, kuma yana son fili aƙalla gigabait 20 a cikin kwamfutar. Mint yana zuwa da fuska iri-iri, wato tsarin abin da ake gani a allo. Wanda kwamfutarsa ta tsufa ya ɗauki Mint mai fuskar Xfce, domin ta fi sauƙin nauyi, wanda tasa take da ƙarfi kuma ya ɗauki mai fuskar Cinnamon.

Abu na biyu shi ne tsawon lokacin da masu nau'in za su ci gaba da turo gyare-gyare. Ubuntu yana fitar da bugu na musamman mai alamar LTS duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ana kuma kula da shi har shekara biyar. Lambar da ke gaban sunan tana faɗin lokacin fitowarsa: 24.04 tana nufin shekarar 2024, wata na huɗu. A kan wannan bugu aka gina Linux Mint 22, wanda za a kula da shi har 2029. Fedora kuwa yana fitar da sabon bugu kusan duk wata shida, kowanne kuma ana daina kula da shi bayan kamar wata goma sha uku, saboda haka mai shi ba ya rabuwa da ƙaura zuwa sabo. Arch na ƙwararru ne, ku bar shi tukuna.

Shawarata ga mai koyo ita ce Linux Mint, domin fuskarsa ta yi kama da ta Windows da kuka saba da ita. Amma idan akwai wani na kusa da ku da ya iya Ubuntu, kuma zai amsa muku tambaya, ku ɗauki Ubuntu, domin mai taimako na kusa ya fi duk wani bambanci da ke tsakanin nau'o'in nan biyu muhimmanci.

Kafin ku ɗora, ku gwada. A shafin intanet na masu nau'in da kansu ake sauke babban fayil mai ƙarewa da .iso, a rubuta shi a kan filas mai gigabait 8 da wata manhaja kamar balenaEtcher. Wannan aiki yana goge duk abin da ke cikin filas ɗin, don haka ku fara kwashe kayanku. Idan aka tayar da kwamfuta daga wannan filas, Linux zai buɗe ba tare da ya taɓa Windows ba, sai ku gwada ko sauti yana fita, ko intanet yana kamawa, ko firinta tana amsawa. Ranar ɗorawa ta gaskiya, ku kwafe hotunanku da takardunku zuwa wani wuri, kuma wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da ku.

Darasi na Uku: Ku san sunan naku

A nan ne na ga masu koyo sun fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Idan aka tambayi mutum abin da ke kan kwamfutarsa sai ya ce Linux ne, ya tsaya. Wannan amsa ba ta isa ba. Dole ne ku san sunan nau'in, ku san lambarsa, ku kuma san danginsa, domin duk bayanin da za ku karanta game da ɗora manhaja an rubuta shi ne don wani dangi, kuma idan ba naku ba ne ba zai yi muku aiki ba.

Ga yadda ake dubawa. A Mint da Ubuntu, ku danne maɓallin Ctrl da na Alt tare, kuna riƙe da su ku taɓa harafin T sau ɗaya, sannan ku saki duka. Wata taga mai duhu za ta buɗe, sunanta Terminal, a cikinta ake rubuta wa kwamfuta umarni. Babu abin tsoro a cikinta, ba ta yin komai sai kun rubuta kun danna Enter. Ku rubuta wannan layi daidai yadda yake:

cat /etc/os-release

Ku duba shi da kyau. Duk haruffan ƙanana ne, kuma a Linux babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Bayan cat akwai tazara guda ɗaya, wadda ake yi da dogon maɓallin nan na ƙasa. Bayan wannan babu wata tazara har ƙarshen layin. Sandunan nan biyu kansu ya karkata zuwa dama ne, ba hagu ba. Tsakanin os da release akwai gajeren layi a tsakiya, ba a ƙasa ba. Idan kun gama, ku danna Enter.

Idan kwamfutar ta amsa da No such file or directory, ba ku lalata komai ba, harafi ɗaya ne kawai ya kuskure. Ku sake rubutawa a hankali, kuna kwatanta kowane harafi da na littafin nan. Idan ya yi daidai, layuka da yawa za su fito. Ku nemi wanda ya fara da NAME, shi ne sunan nau'inku. Ku nemi wanda ya fara da VERSION, ita ce lambarsa. Ku nemi ID_LIKE, shi yake faɗin dangi: a Mint za ku ga ubuntu da debian, a Ubuntu za ku ga debian. Debian da Fedora ba su da wannan layi, domin su ne tushen danginsu.

Yanzu ku ɗauki 'yar takarda, ku rubuta abubuwa huɗu: suna, lamba, dangi, umarni. Misali, Linux Mint, 22, dangin Debian, apt. Ku manna ta a jikin kwamfutar inda ido zai riƙa ganin ta. Ku rufe Terminal, ku sake buɗe shi, ku sake rubuta umarnin ba tare da kallon littafi ba, har sai hannunku ya saba. Wanda ya iya wannan ya wuce mafi wuyar babin nan.

Ina roƙon ku kada ku tsallake takardar nan. Na sha ganin mai Mint ya samo bayanin da aka rubuta don Fedora, ya kwafe umarnin dnf, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, shi kuma ya yanke hukuncin cewa Linux ba ya aiki. Wani lokaci ma kwamfutar takan ba da shawarar a ɗora dnf ɗin, kada ku karɓi wannan shawara, ba na danginku ba ne. Duk wannan wahala rashin kallon takarda ne yake jawo ta. Ku manya ne, ba sai an tsaya a kanku ba: kafin ku bi kowane bayani, ku kalli takardarku, ku nemi sunan danginku a cikin bayanin, idan babu ku bar shi.

Darasi na Huɗu: Inda ake samun manhaja

Wanda ya saba da Windows yakan shiga intanet ya sauke fayil mai ƙarewa da .exe. Wannan fayil na Windows ne, idan kun danna shi a Linux ba zai ɗoru ba. Kowane nau'in Linux yana da rumbun manhajoji nasa, mai ɗauke da dubban manhajoji da masu nau'in suka shirya don su dace da shi, kuma can ne wurin farko da za ku duba. A Mint ƙofar rumbun ita ce Software Manager, a Ubuntu 24.04 App Center, a Fedora kuma Software. Wacce ce taku? Takardarku za ta gaya muku.

Ku buɗe ta, ku rubuta sunan abin da kuke nema a gurbin bincike, ku danna shi, ku danna Install, ku saka kalmar sirrinku idan an tambaya. Firefox da VLC suna nan da sunayensu. Word da Excel ba su nan, amma LibreOffice Writer da LibreOffice Calc suna yin aikinsu, suna kuma buɗe fayilolinsu. Mai gyaran hoto ya nemi GIMP.

'Yan dangin Debian, su kaɗai, suna iya yin wannan aiki a Terminal da layi biyu, ana danna Enter bayan kowanne:

sudo apt update

sudo apt install vlc

Layin farko yana karɓo sabon jerin abin da ke rumbu, na biyu yana ɗora VLC. Sa'ad da aka nemi kalmar sirri, a wasu kwamfutocin ba za ku ga komai yana fitowa ba yayin da kuke rubutawa. Madannan ba su lalace ba, ɓoye ta ake yi. Ku rubuta sau ɗaya, ku danna Enter. Idan an tambaye ku ko a ci gaba, ku danna Y, ku danna Enter.

Idan babu abin a rumbu, akwai Flathub, babban rumbu da yake yi wa kowane dangi aiki, kuma a Mint kayansa suna fitowa a cikin Software Manager ɗin. Idan can ma babu, sai shafin masu manhajar da kansu. Shafin Google Chrome, alal misali, zai ba ku zaɓi tsakanin .deb da .rpm, kuma a nan ma mutane suke dannawa da ka. Na faɗa, zan kuma sake faɗa: ku kalli takarda. Dangin Debian .deb, dangin Fedora .rpm. Kuma kada ku kwafe umarnin da ya fara da sudo daga wurin da ba ku sani ba, domin sudo yana ba umarni ikon canza komai a kwamfutar.

Darasi na Biyar: Sabuntawa

A Mint akwai 'yar alamar garkuwa a ƙasan allo ta gefen dama. Idan ta nuna akwai sababbin gyare-gyare, ku danna ta, ku danna Install Updates, ku saka kalmar sirri, kada kuma ku kashe kwamfutar sai ta gama. Sau ɗaya a mako ya isa.

Darasi na Shida: Cire manhaja

A Mint, ku koma Software Manager, ku nemi manhajar, ku danna Remove. Abin da ba ku ne kuka ɗora ba, ku bar shi.

Aikin gida: ku ɗora VLC, ku cire shi, ku sake ɗora shi, sannan ku zo aji da takardarku mai abubuwa huɗu a rubuce.