Tangled, entangled, intertwined: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk shekara in shirin jarrabawar WAEC da NECO ya kankama, kurakurai iri ɗaya nake ta gyarawa a takardun ɗalibai. Yaro yana son ya ce abu biyu sun sarƙe da juna, sai ya duba ƙamus ko ya tambayi waya, a jero masa tangled, entangled, intertwined, twisted, interwoven. Shi kuwa sai ya zaɓi wadda ta fi tsawo don a ce ya iya Turanci. Kalmomin nan ba ɗaya ba ne, kuma masu harshen ba sa musanya su yadda suka ga dama.

Kafin ka zaɓa, tambayi kanka: da tsari aka haɗa abin, ko cukurkuɗewa ya yi? Dubi mai tufka igiyar rama, ya ɗora sili biyu a cinya yana murzawa har su zama igiya guda mai ƙarfi. Silin nan intertwined suke, ko entwined. Sannan dubi akuyar da aka ɗaure a turke, ta yi ta zagayawa har igiyar ta harɗe mata ƙafafu tana kuka. Igiyar tangled ce, akuyar kuma entangled take a cikinta. Na farko abin so ne, na biyu matsala ce da ake neman warwarewa.

A kan entangled raina ya fi ɓaci, don ta taɓa raba ni da aiki. Wata ƙungiya ta ba ni jawabin maraba in mayar Turanci, za a karanta wa baƙin da suka zo daga Ingila. A Hausar an ce rayuwar mutanen garin ta cuɗu da ta wata baƙuwa da ta daɗe tana aikin lafiya a cikinsu, shugaban ma ya ce iyalinsa da ita sun zama ɗaya. Na rubuta "the chairman has long been entangled with her". Aka karanta a bainar jama'a, ga mijin matar a zaune. Zauren ya yi tsit, shugaban ya ci gaba da karatu bai san abin da ya faɗa ba. Da aka yi masa bayani daga baya, ƙungiyar ba ta sake nemana ba, kuma ban ga laifinsu ba. In ka ce namiji yana entangled with wata mace, abin da mai jin Turanci zai fara kawowa shi ne akwai wata mu'amala ta ɓoye tsakaninsu. Abin da ya kamata in rubuta shi ne "their lives have become intertwined".

Ko ba a maganar mace da namiji ba, kalmar tana ɗauke da warin tarko. Thomas Jefferson, a jawabinsa na kama mulkin Amurka a 1801, ya yi alkawarin zumunci da kowace ƙasa amma "entangling alliances with none", wato ban da ƙawancen da zai ɗaure ƙasar ta kasa fita. To kai da kake son yabon zumuncin Kano da Damagaram, me ya kai ka rubuta cewa tarihinsu entangled yake? Sai dai in rikici kake nufi. In zumunci ne, intertwined ko interwoven. Wuri guda da na san kalmar ba ta da aibu shi ne kimiyyar fiziks, inda quantum entanglement suna ne na fanni, wanda aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a kansa a 2022. Kai ba fiziks kake rubutawa ba.

Ni dai tun daga ranar ba na haɗa entangled da sunan mutum, ko da nahawu ya yarda. Wasu malaman za su ce na tsananta. Su ce. Kuma ku lura da ƙaramar kalmar da ke bin ta: entangled in ga raga, waya, shari'a, bashi, entangled with ga mutum ko ƙungiya. Ba a cewa entangled to, ku daina!

Kuskure na biyu shi ne shuɗaɗɗen lokacin wind da weave. Haba ɗalibai, kun haddace go, went, gone tun firamare, me ya hana ku haddace waɗannan? Naɗe zare a jikin abu wind ne, ana furta shi "waind", ba kamar wind na iska ba. In an gama, wound ne, a furta "waund", ba "wund" na rauni ba. Wanda ya rubuta "she winded the thread" ya kauce, domin winded na wanda numfashinsa ya ɗauke ne bayan gudu ko naushi a ciki. Saƙa kuwa weave, wove, woven. Tabarma woven take. An yarda da weaved ne in ana maganar ɗan acaɓa da ke kurɗawa tsakanin motoci. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su rubuta kowace kalma tare da abin da take tafiya da shi, "wound the turban", "woven mat", "tangled wires", su karanta da ƙarfi. Kalma ita kaɗai a littafi ba ta zama a ka.

'Yan mata, kitso plait ne a Ingila, ana furta shi "plat", a Amurka kuma braid aka fi cewa. Mu nan mun saba kiran kitson da ke kwance a fatar kai weaving, amma a can weave gashin kanti ne da ake ɗinkawa, kitson kuma cornrows. Gashin da ya cukurkuɗe tangled ne, in ya dunƙule ya yi dauri a ce matted.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Targaɗe twisted ankle ne ko sprained ankle, ƙafa ba ta zama tangled. Wanda ya murɗe maka magana "he twisted my words" ya yi. Embroiled ta rikici ce da abin kunya kawai, kada ka kai ta wurin igiya. Maciji in ya naɗe coiled yake. Ba a furta k a knot, kuma "tie the knot" aure ne. Kwance ƙulli untie ne, sassauta shi loosen, ba lose ba. Warware abin da ya harɗe untangle ne ko disentangle, amma hular saƙa da zarenta ya fara zarewa, ita unravel take yi.