Yadda Ake Kallon Hoton Baƙi da Fari na Ƙauye Lokacin Dusar Ƙanƙara

Ga mai son koyon wannan kallo, babu kamar tarin hotunan da gwamnatin Amurka ta sa aka ɗauka daga 1935 zuwa 1944 don nuna halin da manoma ke ciki, aikin da aka fi sani da FSA (gajeren sunan hukumar tallafa wa manoma ta wancan lokaci), wanda Roy Stryker ya jagoranta. Nagetif wajen 175,000 ne, suna ajiye a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, kuma ana ganinsu kyauta a intanet. Nemi hotunan dusar ƙanƙara na Marion Post Wolcott a garin Woodstock na jihar Vermont a 1940, ko na John Vachon a Dakota ta Arewa a 1942.

Da farko, sauke babban fayil, ka buɗe shi a kwamfuta. Ƙaramin hoto a waya yana haɗiye rabin abin da ke ciki. Rage hasken allon zuwa tsaka-tsaki, don idan ya yi yawa dusar za ta koma fili fari fat.

Sai ka tsaya kan farin nan, don nan ne gwanintar take. Ma'aunin haske na kyamara yana ɗaukan duk abin da ya gani ya mayar da shi ruwan toka. Idan mai hoto ya bi shi ido rufe, dusar za ta fito da dauɗa-dauɗa. Dole ya ƙara hasken da ke shiga ninki biyu zuwa huɗu. In ya zarce kuma, farin ya ƙone, ba sawu ba tudu. Hoto mai kyau shi ne wanda dusar ta yi fari amma kana iya ganin kwarin da iska ta sassaƙa a jikinta. Duba inuwa ma. Doguwar inuwa na nufin rana tana ƙasa-ƙasa, kuma hasken da ke zuwa daga gefe shi ke fito da gurbin kowane taku. Ranar da gajimare ya rufe, sama da ƙasa kan haɗe su zama abu guda, kamar yadda hazon hunturu ke shafe bakin daji. Idan ka ga sama ta yi duhu sosai a kan farin fili, galibi an sa gilashi mai launin rawaya ko ja a bakin kyamarar.

Bayan haka, bi baƙaƙen layuka: shinge, turakun waya, itatuwan da suka kaɗe ganye. Su ke jan ido cikin hoton.

Kada ka tsaya a kyau kawai, wannan hoton shaida ne. Nemi aikin mutum ko da babu mutum a ciki. Hanyar da aka share daga ƙofar gida zuwa garke, tsayin tarin itacen wuta, hayaƙi a saman rufi, ragowar harawa. Gidan da babu sawu ko ɗaya a ƙofarsa, akwai alamar an bar shi.

Sai a ƙarshe ka karanta bayanin wuri da shekara, ka koma kan hoton. In ka ci karo da baƙin da'ira a tsakiyar wani, ba rana ba ce: Stryker ne ya huda nagetif ɗin da bai amince a wanke ba.