Kurakuran da aka fi yi wajen aiki da taswirar takarda a fagen yaƙi

Kuskure mafi girma shi ne ɗaukar taswira a matsayin hoton ƙasa na yau, alhali abin da take nunawa shi ne yadda wurin yake a ranar da aka auna shi. A shekarar 1941, lokacin da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet, hanyoyi da dama da taswirorinta suka nuna kamar manyan tituna sun kasance turbobin ƙasa ne, waɗanda ruwan sama ya mai da su taɓo har motoci suka kafe. A ranar 7 ga Mayun 1999 kuma, jirgin yaƙin Amurka ya jefa bama-bamai kan ofishin jakadancin Sin a Belgrade, babban birnin Yugoslabiya a lokacin, 'yan jarida uku suka mutu. Amurka ta ɗora laifin a kan tsofaffin bayanai da ba su nuna ofishin ya koma wannan gini ba, ko da yake Sin ba ta gamsu da bayanin ba. Maganin wannan shi ne a duba gefen taswira a ga shekarar awo, domin shekarar bugu tana ruɗarwa, sannan a gwada ta da hotunan sama da kuma abin da mazauna wurin suka sani.

Wani kuskuren da ban ga uzurinsa ba shi ne runduna ɗaya ta shiga fage da taswirori mabambanta. A Girenada, wata ƙasar tsibiri a yankin Karibiyan da Amurka ta mamaye cikin Oktoban 1983, wasu sojojin Amurka sun yi aiki da taswirar 'yan yawon buɗe ido da aka zana wa layuka kamar gidajen dara, wasu kuma suna riƙe da wata dabam, ta yadda lambar wuri guda kan iya nufin wurare biyu. Wajibi ne kwamanda ya tabbatar bugu ɗaya da ma'auni ɗaya ne a hannun kowa kafin a tashi.

Haka nan ana yawan manta cewa na'urar GPS tana lissafi ne da tsarin awon duniya baki ɗaya da ake kira WGS84, tsofaffin taswirori kuwa kowace ƙasa da nata tushen awon. Na Najeriya, alal misali, an gina su ne a kan tushen awon da ake kira na Minna. Idan ba a saita na'urar ta dace da takardar ba, tazarar mitoci masu yawa za ta shiga tsakani, kuma wannan ya isa harsashin igwa ya sauka kan abokai ko gidajen farar hula. Arewar kamfas ma ta sha bamban da arewar taswira, ana rubuta yawan bambancin a gefe, amma yana sauyawa da shekaru, don haka sai an sake lissafa shi kafin a ɗauki saiti.