Yadda za ka bambance tsofaffin 'yan majalisar Ingila masu suna iri ɗaya kafin ka sa su a rubutunka

Duk mai karantar tarihi ko kimiyyar siyasa a nan Jos, ko mai rubuta maƙala da Hausa a intanet, wata rana sai ya ci karo da wannan matsalar. Ka buga sunan wani tsohon ɗan majalisar Ingila a Google, sai ya zubo maka mutum uku ko huɗu, suna ɗaya, gida ɗaya, wani lokacin ma har mazaɓa ɗaya, ga data na ƙarewa ga malami na jiran babi na biyu, sai kawai ka kwashi na farkon da ya fito. Na sha ganin furojet a shagunan buga takardu na wajen Bauchi Road, an gama an yi bango mai kyau, amma a ciki an haɗe kaka da jika an mai da su mutum ɗaya da ya shekara kusan ɗari yana majalisa. Abun na damuna gaskiya, don wasu daga cikin mutanen nan hannunsu na cikin tarihinmu dumu-dumu.

Ka fara da gane dalilin da ya sa sunan ke maimaituwa. A manyan gidajen Ingila ɗan fari ne ke gadon fili da gida da sarauta, kuma sau da yawa sunan uba ko na kaka ake mayar masa, kamar dai yadda muke yi, sai dai mu muna sakaya sunan da Abba ko Halifa, su kuwa a takarda haka zai fito sak. Sannan kafin gyaran dokar zaɓe na 1832 kujeru da yawa a aljihun gida ɗaya suke, masu jefa ƙuri'a 'yan kaɗan ne, kuma a fili ake zaɓen kowa na kallo, ƙuri'ar sirri sai 1872 ta zo. Toh wanda yake haya a gonarka ta ina zai ƙi ɗanka?

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka karanta komai a kan mutumin, ka ɗauko takarda ka rubuta shekarar haihuwa da ta mutuwar duk masu sunan, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sai ka ajiye shekarar abin da kake bincike a gefe. Rabin aikin a nan yake ƙarewa. Ɗauki Thomas Fowell Buxton. Na farkon an haife shi 1786 ya rasu 1845, ya wakilci Weymouth daga 1818 zuwa 1837, shi ne ya karɓi jagorancin yaƙi da bauta a majalisa daga hannun William Wilberforce har aka yi dokar haramta bauta ta 1833, kuma shi ne ya matsa aka turo jiragen ruwa uku kogin Neja a 1841, tafiyar da Samuel Ajayi Crowther yake ciki, aka yi ƙoƙarin kafa gona a wajen Lokoja zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa abun ya watse. Jikansa kuma, shi ma Sir Thomas Fowell Buxton, an haife shi 1837 ya rasu 1915, ya yi ɗan majalisa na King's Lynn daga 1865 zuwa 1868, daga baya ya yi gwamna a Ostireliya ta Kudu, kuma shi ma ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta. Kaga inda tarkon yake, suna ɗaya, aƙida ɗaya. In takardar da ke hannunka ta 1890 da wani abu ce, jikan ne, kakan ya kusa shekara hamsin a kabari. Sannan ka lura, ko kakan ma a 1841 ba ɗan majalisa ba ne, ya faɗi zaɓe tun 1837, don haka kar ka rubuta wai ya miƙe a zauren majalisa ya kare tafiyar Neja. Wilberforce ɗin ma yana da ɗa mai suna William da ya ɗan taɓa kujerar Hull a 1837, bayan uban ya rasu a 1833.

Na biyu mazaɓa. Amma a nan sai ka buɗe ido sosai, don gunduma daban, garin da ke cikinta daban, kowanne da nasa wakilan, yawanci bibbiyu. Oliver Cromwell da kowa ya sani, wanda ya mulki Ingila bayan an fille kan sarki, ya fara shiga majalisa ne a 1628 yana wakiltar garin Huntingdon, daga baya Cambridge a 1640. Amma yana da baffa, Sir Oliver Cromwell, wanda ya riga shi shiga majalisa yana wakiltar gundumar Huntingdonshire, kuma shi baffan ɓangaren sarki ya karkata. Haruffa biyar ɗin nan na ƙarshen sunan wurin su ne suka raba maka mai goyon bayan sarki da wanda ya sa hannu a takardar kashe sarki. Shi kuwa Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry na 8, wanda aka kashe a 1540, ba kakansu ba ne kai tsaye, su zuriyar 'yar'uwarsa ce, asalin sunan gidansu Williams, suka ɗauki Cromwell daga baya.

Akwai inda mazaɓar ma ba za ta cece ka ba, kuma nan ne na fi so ku tsaya ku natsu. Gidan Peel: Sir Robert Peel uku a jere, uba da ɗa da jika, dukkansu sun wakilci Tamworth. Uban mai masaƙa ne, ya riƙe kujerar daga 1790 zuwa 1820, shi ya kawo dokar 1802 ta kare yaran da ke aiki a masana'antu. Ɗan shi ne ya kafa 'yan sandan Landan a 1829 ya kuma yi firaminista sau biyu, ya riƙe Tamworth daga 1830 har ya rasu a 1850, jikan ya ɗora daga 1850 zuwa 1880. Abin da zai raba maka gardama shi ne laƙabin Sir ɗin nan, don nasu na gado ne, mutum ɗaya ke riƙe shi a lokaci guda, sai ya mutu ɗansa ya ɗauka. Uban ya rasu a 1830. Kenan duk rahoton zaman majalisa na kafin 1830 da ka ga an ce Sir Robert Peel, tsohon ne, ɗan a lokacin Mista Peel ake rubuta shi, alhali daga 1809 zuwa 1820 su biyun suna zaune a zaure ɗaya. Wallahi wannan 'yar dabarar kaɗai ta isa ta hana ka ɗora wa firaminista maganar da babansa ya yi.

Sarauta kuma tana canja wa mutum suna gaba ɗaya. William Pitt babba ya shiga majalisa a 1735, a 1766 aka naɗa shi sarautar Chatham ya koma majalisar iyayen ƙasa, daga nan littattafai Chatham suke kiransa, ya rasu 1778. Ɗansa William Pitt ƙarami sai 1781 ya shiga, ya zama firaminista a 1783 yana da shekara 24. Ba su taɓa zama majalisa tare ba, shikenan, in ka ga William Pitt bayan 1778 ɗan ne, in ka ga maganar birnin Pittsburgh na Amurka sunan uban aka sa. Su Pitt ɗin ma su ne misalin kujerar aljihu da na faɗa ɗazu, Thomas Pitt, kakan William Pitt babba, wanda ya yi gwamna a Madras ta Indiya ya sayar wa mai riƙon sarautar Faransa wani ƙaton lu'ulu'u, shi ya sayi Old Sarum, tudu ne kango kusan ba kowa amma yana tura wakilai biyu, jikansa da tattaɓa-kunnensa duk Thomas Pitt kuma duk sun zauna a kujerar. Sai dai kar ka ɗauka duk mai Lord a gaban sunansa ya bar majalisar wakilai, 'ya'yan manyan masu sarauta ana kiransu haka don girmamawa kawai, Lord Randolph Churchill a majalisar wakilai ya yi siyasarsa.

Tunda an zo kan Churchill, Winston Churchill uku ne suka yi majalisa. Akwai wanda ya rayu daga 1620 zuwa 1688, akwai firaministan yaƙin duniya na biyu wanda ya fara da Oldham a 1900, kuma daga 1905 zuwa 1908 ƙaramin minista ne a ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka, har da Arewa, sai jikansa da ya yi majalisa daga 1970 zuwa 1997. Wannan mai sauƙi ne, tazarar ta yi yawa.

Wani abu da ke rikita lissafi, kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa. An kashe Sarki Charles na 1 ranar 30 ga Janairu 1649 a lissafinmu, amma takardun lokacin 1648 suka rubuta. In ka ga littafi biyu sun saɓa da shekara ɗaya a kan mutuwar wani, ka duba watan tukuna, in tsakanin Janairu ne da Maris to mutum ɗaya ne ba biyu ba. Haka kuma ka rubuta sunan majalisar daidai: ta Ingila ce har 1707, da aka haɗe da Sikotland ta zama ta Birtaniya, aka shigo da Ailan a 1801.

Wajen dubawa kuwa, shafin History of Parliament kyauta ne kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data, ko netwok na ja da baya zai buɗe a waya. Sun kasa shi zango-zango, kamar 1715 zuwa 1754, 1790 zuwa 1820, har 1832, saboda haka mutum ɗaya kan fito a zango biyu ko uku, kar ka ƙirga shi sau uku. In masu suna ɗaya sun haɗu a zango guda sukan sa musu I da II, kuma a layukan farko za ka ga sunan uban mutum, wadda ya aura, da shekarar da ya gaji uban. Wannan shekarar gadon ita za ka kwafa a takardarka. Maganganun da aka yi a zaure kuma suna cikin Hansard, kundin rahoton zaman majalisa, daga 1803 zuwa yau.

In ka zo rubuta naka, karon farko da ka ambaci mutum ka haɗa da shekarunsa da mazaɓarsa, daga nan ka riƙa cewa babba ko ƙarami, kaka ko jika, har ƙarshe. Hoto kuma dan Allah a daina ɗauka daga Google kai tsaye. Ɗaukar hoto da kyamara sai 1839 ta fito duniya, don haka Pitt ƙarami da ya rasu 1806 da Wilberforce da Peel uba duk zane ne kawai ake da shi nasu, in ka ga hoton kyamara da sunansu a ƙasa to wani ne daga zuriyar ko kuma wani can daban, ka koma shafin da hoton ya fito ka karanta shekarar da aka ɗauke shi.