Yadda zaka taimaki karenka ya saba da sabon gida in kun koma karkara

Mutane da yawa suna ɗauka tunda karkara ce, ga fili ga iska babu motoci, to ai kare ya samu abinda yake so, ranar da aka sauke kaya ranar zasu kwance masa igiya suce je ka sha iska. Gaskiya a nan ake asarar karnuka da yawa. Kare da hanci yake gane wuri fiye da ido, ƙwayoyin jin wari dake hancinsa sun kai miliyan 200 zuwa 300 alhali na mutum basu wuce kamar miliyan 6 ba, toh kaga ranar da ka sauke shi a sabon wuri babu wari ko ɗaya da ya sani, bai san ina ne gida ba balle ya san hanyar dawowa, in zomo ya gilma ya bishi da gudu shikenan. Dabarar duka ita ce ka riƙa faɗaɗa masa duniyarsa kaɗan-kaɗan, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga nan zuwa bayan shinge da igiya, sakin sa kuma shine na ƙarshe.

Tun kafin ku tashi

Kai shi wajen likitan dabbobi kamar sati biyu ko uku kafin ranar ƙaura, ka faɗa masa karkara zaku koma. A duba allurar ciwon haukan kare ko lokacinta bai wuce ba, wannan ba abin wasa bane domin a can zai riƙa haɗuwa da karnukan da ba'a san tarihinsu ba da namun daji. Ka tambaya kuma akan allurar leptosfirosis, ciwo ne da ake ɗauka daga ruwan kwance wanda fitsarin ɓera ko na dabbobi ya shiga, yana taɓa ƙoda da hanta kuma mutum ma yana kamuwa. A bashi maganin kaska da ƙuma da na tsutsar ciki tun yanzu, ka karɓi katin allurarsa ka ajiye cikin jakar da zaka riƙe a hannu, kar ya shige cikin kwalaye.

Sai abin wuya mai ɗauke da lambar wayarka a rubuce ɓaro-ɓaro. In an sa masa ɗan guntun na'urar nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata, ka sabunta adireshi da lambar waya a rijistar, amma kar ka dogara da ita kaɗai, manomin da zai tsinci karenka a gonarsa bashi da injin karanta ta, lambar da ke wuya ita zai gani. Ɗauke shi hoto mai kyau gefe da gaba. Sayi irin abincin da ya saba ci wanda zai kai aƙalla sati biyu. Kuma dan Allah kar a wanke bargonsa ko tabarmar da yake kwanciya don wai za'a shiga sabon gida da tsafta, wannan warin da yake damunka shine kaɗai abinda zai gane a can.

Abu na ƙarshe, nemo likitan dabbobi mafi kusa da sabon gidan, lambarsa, nisan wajen, da ko yana ɗaga waya da dare. Ka yi wannan yau, ba ranar da maciji ya sari kare ba.

Ranar ƙaura

Ba wani dogon bayani. Kar ka cika masa ciki awa uku zuwa huɗu kafin tafiya saboda amai a mota, ruwa dai ka bashi, in tafiyar mai nisa ce a tsaya duk bayan awa biyu ko uku ya yi fitsari yana ɗaure da igiya, kuma kar a taɓa barinsa cikin mota a rufe a rana ko na minti kaɗan ne. Kuna isa, kafin a fara shigo da kaya, zagaya dashi inda kake so ya riƙa bayan gida, sannan ka sa shi ɗaki ɗaya da bargonsa da kwanon ruwansa ka rufe ƙofa ka gaya wa masu ɗaukar kaya kar kowa ya buɗe. Ƙofar gida a buɗe take duk yinin ranar, ta nan suke sulalewa.

Satin farko

Masu kula da karnukan da aka sauya wa gida suna yawan cewa kwana 3 kare ya huce daga ruɗewa, sati 3 ya gane tsarin gidan, wata 3 ya ji cewa nan ne gida. Ba lissafin kimiyya bane, wani ya fi sauri wani ya fi jinkiri, tsohon kare da mai tsoro sun fi ɗaukar lokaci, amma yana taimakawa ka daina gaggawa.

A kwanakin nan zaka ga abubuwa. Zai ƙi cin abinci, zai riƙa binka ɗaki-ɗaki har ƙofar banɗaki, zai yi ta haki yana kai-komo, wanda ya shekara biyar bai yi fitsari a cikin gida ba, sai ka ga ya yi a tsakiyar falo. Kar ka dake shi kuma kar ka dangwara masa hanci a ciki, abinda kawai zai koya shine sabon gidan nan wajen tsoro ne. Goge da kyau ka ƙara yawan fitar dashi. Lokacin abinci da lokacin yawo su zauna yadda suke a tsohon gida. In dole sai ka canza masa abinci saboda wancan baya samuwa, ka riƙa haɗa sabon da tsohon kana ƙarawa a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba gudawa. Babban kare da ya kwana biyu bai ci komai ba, ko yana amai da kasala, a kira likita. Ɗan kwikwiyo kam ba'a jira haka, yini ɗaya ma ya yi yawa.

Ka fara barinsa shi kaɗai na minti biyar, goma, rabin awa tun cikin satin nan, kar ku manne da juna kwana bakwai sannan ranar da zaka koma aiki ka ɓace masa awa tara.

Zagaye gidan da idon kare

Bi shingen ko katangar daga farko har ƙarshe kana duba ƙasa daidai gwiwarka. Ramin da kansa zai shiga to jikinsa ma yawanci zai wuce, ƙarƙashin ƙofa, inda ruwa ya zaizaye ƙasa, tarin itace ko ganga kusa da katanga da zai taka ya haura. Waya mai ƙaya da aka ja don shanu bata tare kare, yanka shi kawai take yi. Rijiya da tsohon rami a rufe su.

Sai ɗakin ajiya da rumbu, nan ne abin tsoron. Gidajen karkara basa rabuwa da maganin ɓera, maganin feshi, takin zamani da ragowar man inji, wataƙila ma wanda ya zauna kafin ku ya bar su a lungu. Yawancin maganin ɓera hana jini daskarewa yake, kuma muguntarsa shine kare zai ci yau ya ci gaba da wasa lafiya ƙalau, sai bayan kwana 3 zuwa 5 ka ga kasala, dasashinsa ya yi fari, jini a hanci ko a kashi. In ka ga ya ci ko kana zargi, ɗauki kwalin maganin ku tafi asibiti a ranar, kar ka ce bari mu gani tukuna.

Dogon igiya da amsa kira

Samu igiya mai tsawon mita 5 zuwa 10, ka ɗaura ta a irin ɗamarar ƙirji ba a wuya ba, domin in ya zabura da gudu igiyar ta ƙare zai iya jin ciwo a wuya. Da ita zaku riƙa fita kullum, hanya ɗaya kuke bi ku dawo ta ita a kwanakin farko, ka barshi ya sansana ya ɗiga fitsarinsa a gindin bishiyoyi, da haka yake zana taswirar gida. Yana tsaka da sansane-sansane ka kira sunansa sau ɗaya da murya mai daɗi, ya juyo ya zo ka bashi ɗan abin daɗi da yake mutuwar so, sannan ka sake shi ya koma abinda yake yi. Wannan sakin yana da muhimmanci, in duk kiran da zaka masa ƙarshensa a koma gida ne zai gane ya daina zuwa. Kuma duk haushin da ya baka, in ya zo kar ka masa faɗa, wanda aka kira ya zo aka zane shi gobe ba zai zo ba.

Dabbobin maƙwabta

A ganina wannan ya fi duk sauran. Karen birni bai taɓa ganin kaza tana gudu tana fuka-fuki ba, kuma abinda ke gudu jininsa ne ke ce masa bishi, ko da kuwa shine kare mafi ladabi a duniya. Ba sai ya ciji ba ma, korar tumaki kaɗai tana iya sa mai ciki ta yi ɓari ko ta karye a guje. A ƙasashe da yawa doka ta ɗora wa mai kare biyan ɓarnar, wasu wuraren ma makiyayi na da damar kashe karen da ya kama yana far wa dabbobinsa. Kuma wanda ya ɗanɗana daɗin kora sau ɗaya, raba shi da ita aiki ne babba, shi yasa ake hana na farkon.

Yadda ake yi, ka tsaya dashi da igiya daga nesa, nesan da zai hango awaki ko kaji amma har yanzu yana iya jin ka. Ka lura da jikinsa, in ya ƙame, kunnuwa sun miƙe gaba, baki ya rufe, ido ya kafe, ya ɗaga ƙafa ɗaya ta gaba, toh kun matso da yawa, ja baya. Inda zai kalle su sannan ya waiwayo ya kalle ka, nan ne daidai, yana waiwayowa ka yaba masa ka bashi lada. Gobe ku ƙara taku biyu uku. Minti biyar zuwa goma ya isa a rana. Wani kare cikin sati biyu zai wuce kaji ko kallo basu ishe shi ba, wani kuma musamman jinsin farauta har abada ba za'a yarda dashi ba, in naka irin wannan ne ka haƙura kawai, igiya ce rabonsa kusa da dabbobi. Saniya mai ɗan maraƙi da jaki da doki kuwa su ne zasu iya illata shi da shuri ɗaya, in shanu suka taso muku kana riƙe dashi saki igiyar, karen ya fi ka saurin gudu.

Ka je ka gaida maƙwabta da wuri, ka nuna musu karen, ka basu lambarka, ka tambaye su ina ake kiwo kuma ina ake zuba guba ko kafa tarko. Karnukansu kuma a haɗa su a hanya ana tafiya gefe da gefe, ba a ƙofar gidansu ba inda suke ganin yankinsu ne.

Dubawar yamma

Duk dawowa daga yawo ka shafa jikinsa da hannu, cikin kunne, wuya ƙarƙashin abin wuya, hammata, tsakanin yatsu, gindin wutsiya. Kaska in ka samu, kama ta da hantsaki daf da fata ka ja a miƙe a hankali, banda ƙona ta da ashana ko shafa mata mai ko matse cikinta. Tana ɗauke da cututtukan jini irin su babesiya da erlikiya, alamarsu zazzaɓi, rashin ci, farin dasashi, wani lokacin fitsari ya yi duhu, zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2 ne. Ciyayi masu ƙaya suna maƙalewa tsakanin yatsu da cikin kunne, in ka ga yana ta girgiza kai ko lasar ƙafa ɗaya, duba. In kana da kyanwa a gidan ka kula, maganin kaskar kare mai ɗauke da sinadarin famitirin (permethrin) yana kashe kyanwa.

Saran maciji yawanci a fuska ne ko ƙafar gaba tunda da hanci yake leƙa rami. Kar ka tsaga wajen, kar ka tsotsa, kar ka ɗaure tamau, ɗauke shi a hannu kar ya taka, cire abin wuya in fuska ce ke kumbura, ku kama hanyar likita. Kar ka bashi farasitamol ko ibufurofen na mutane, ƙara masa wata matsalar zaka yi. In kuma wani kare ko dabbar daji ce ta cije shi, ko ta ciji wani cikinku, a wanke wajen da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti ranar.

Dare

Shirun karkara ba shiru bane a kunnen kare, mujiya, kwaɗi, karnukan nesa, abu na motsi a ciyawa. Zai yi haushi sosai a farko. Ya kwana a ciki ko a rufaffen wuri kusa da ku, ka rufe labule, rediyo ƙasa-ƙasa ma tana taimakawa. Kar ka riƙa daka masa tsawa ta taga, a wajensa kai ma haushin kake tayashi. Ɗaure shi da sarƙa a waje dare da rana kuwa ƙara masa faɗa da tsoro yake.

Yaushe za'a sake shi

In ya kai yana amsa kira kusan kowane lokaci da dogon igiya, har da lokacin da akwai abin jan hankali a gabansa, sai ka fara sakin igiyar tana ja a ƙasa yadda zaka iya taka ta. Bayan nan ka cire ta gaba ɗaya a wuri mai nisa da titi da dabbobi, da rana, kafin ya ci abinci don cikinsa ya ja shi gida, kuma kana tare dashi. Wanda ba'a yi wa fiɗiya ba yana iya tafiya mai nisa in ya ji warin karya mai neman barbara, ka tattauna wannan da likita. In ya ɓace duk da haka, kar ka bishi da gudu kana ihu, ajiye bargonsa da rigar da ka sa baka wanke ba da ruwa a inda aka masa ganin ƙarshe, kira maƙwabta ka tura musu hoton nan, ka koma wajen da asuba da kuma magariba lokacin da karen da ya tsorata ya fi fitowa, in tsohon gidanku ba nisa sosai ka sanar da waɗanda ke can suma.